Bushin da Kawu Bai Gama Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata da hantsi aka zo kan Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon bakaniken da babu injin niƙa tsakanin Safana da Batsari wanda bai taɓa sa wa hannu ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedin ƙofar gidansa, daura da rumfar injin niƙana. Injin yana nan a buɗe, an cire kansa, an lulluɓe shi da buhu.

Kwana uku ina karɓar gaisuwa, kwana uku ina haɗiye magana. Mutum zai zo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, Allah shi sa ya huta." Mu ce amin. Daga nan sai ya waiwaya ya dubi rumfar, ya girgiza kai.

Hedimastan da aka turo makarantar garinmu, mutumin kirki ne, ya ce, "Allah sarki, tsufa. An ce mini aikin nan na ƙarshe gagararsa ya yi."

Wani bakaniken babura da ya zo daga Batsari bai ko jira an shafa fatiha ba. "Ai zamani ya wuce irin wanga aiki. Wa ke zama gyaran bushin yanzu? Ka kira 'yan gwangwan su auna shi, ka cika ka sayi ƙarami ɗan Chana, ka huta."

Cikin gida ma haka. Maiɗakina ta gaya mini wata tsohuwa ta yi addu'arta mai tsawo, sannan ta buɗe tafin hannunta ta nuna wa mata bororon taɓarya, ta ce, "Allah ya yafe masa, amma dai ya bar mu da turmi."

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, wani tsohon direban babbar mota, abokin Kawu tun suna samari. Ya tashi da sandarsa ya shiga rumfar, ya ɗaga buhun, ya daɗe yana dubawa. Da ya fito sai ya tsaya ya kalle ni har na sunkuyar da kai. Ya sa takalminsa ya tafi.

Aikin bai gagari Kawu ba. Abin da nake so a sani ke nan, kuma ni kaɗai nake da hurumin faɗa.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin zama ba, don in na faɗa matarsa, wadda muke kira Inna, za ta ƙaryata ni. Kalma ɗaya ce a bakinsa: tukuna. Kawu, an gama? Tukuna. Kawu, a tayar? Tukuna. Kawu, tuwo zai huce. Tukuna. Har mata suka sa masa Baba Tukuna, kuma yana amsawa. In zai kwance inji sai ya shimfiɗa farin buhu, ya jera kowane noti a inda ya ga dama, kuma duk wanda ya tsallaka buhun nan sai ya koma ya zagayo, ko da mai gari ne. In yana son jin ciwon inji, dogon sukudireba yake ɗorawa a jikinsa, ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido. Kai kana tsaye da uzurinka, shi yana saurare kamar ana ba shi labari mai daɗi.

Wata damina ya yi aiki a garin Zakka, ya dawo gida, ya ci abinci, ya kwanta. Da asuba ya ce wa Inna akwai noti ɗaya da bai tabbata ya ba shi juyin ƙarshe ba. Babur ba ya iya ratsa taɓo, sai ya naɗe wando ya tafi a ƙasa. Ya je, ya sa sifana, ya tarar notin a ɗaure tamau. Ya dawo da la'asar, taɓo har gwiwa, yana murmushi. Inna ta ce, "To mi ka samo?" Ya ce, "Barci." Ta yi kwana biyu ba ta wanke wandon ba, don haushi.

Guduma ɗaya gare shi, ƙarama, kuma abin da aka fi yi da ita a gidan shi ne fasa ƙwallon goruba.

Injin nan na mahaifina ne, mai fistin ɗaya, ya girme ni. Kawu ne ya kafa shi, shi ne kuma yake duba shi tun daga ranar. Da shekarun nan na wahala suka shigo, gas ya fi ƙarfin masu niƙa, aka riƙa rufe rumfuna ɗaya bayan ɗaya. A da in namu ya tsaya, mata kan ba 'yan babur hatsi a kai Batsari a niƙo. Yanzu hanyar ta zama abin da ta zama. Wata rana a bi, wata rana a ji ɓarayin daji sun tare, babu mai fita. Sai ya zamana injina ne kaɗai yake kuka a garinmu da rugagen da ke kewaye. In ya yi shiru, mace mai goyo da tsohuwa mai ciwon baya duk sai su koma turmi da dutsen niƙa.

Bayan an gama girbi, wata safiya layin ƙwarya da bokitai ya kai har bakin hanya, Kawu ya zo wucewa. Ya tsaya, ya karkata kai.

"Kashe shi."

"Kawu, ina kwana. Ka ga layi fa."

"Lafiya lau. Kashe shi, bushin ne. Ba ka jin yana ƙwanƙwasa ƙofa?"

Ban ji komai ba sai ƙarar da na saba ji.

"Ka ba ni kwana uku yanzu," in ji shi, "ko ka ba ni wata guda nan gaba. Zaɓi naka."

Na ce to, bari layi ya ragu. Layi bai ragu ba. Bayan sati uku ƙwanƙwasar ta kai har mata suna tambayata ko lafiya. Dole na kashe, na je na durƙusa gaban Kawu. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Buhunsa kawai ya ɗauko.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba: fistin yana rataye ne a kan wata sandar ƙarfe da ake kira kwanrod, kuma wani guntun ƙarfe mai santsi, kaurin ƙaramin rake, shi ke haɗa su. Sunansa fin. A idon kwanrod, inda fin ke juyawa, akwai zoben tagulla. Shi ne bushin. A jikinsa akwai huda ɗaya, girman ƙwayar dawa, wadda dole ta yi daidai da hudar da ke saman kwanrod, don ta nan baƙin mai yake ɗigowa. Namu ya cinye har fin yana rawa a ciki. Ɗan abin da za ka rufe a tafin hannu, shi ya tsayar da tuwon gari guda.

Muka ba wani direba sautu daga Katsina. Kwana shida kafin ya iso, don biyu daga ciki babu motar da ta bi hanya. Ranar Juma'a da safe aka miƙo mini shi a ƙunshe cikin takarda. Na ruga gidan Kawu kamar an yi mini haihuwa.

Ya juya shi, ya duba, ya ce, "Ya yi. Gobe."

"Gobe kuma, Kawu?"

"Sai ya kwana cikin sanyi ya tsuke. Gobe a dafa kwanrod cikin mai ya buɗe. Sannan su haɗu ba faɗa."

Ya shiga cikin gida, ya tona jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar Inna, ya binne bushin a ciki. Haka yake yi tun kafin a haife ni, don garinmu babu wuta balle ƙanƙara. Sannan ya sa babbar riga ya hau babur zuwa Safana, zai yi Juma'a ya kuma duba wani mara lafiya.

Na koma rumfa na tarar da mata tara suna jira, don labari ya riga ya zaga cewa kaya ya iso. Ɗaya ta ce 'ya'yanta kwana uku suna cin dafaffiyar dawa. Ɗaya ta ce gobe suna a gidansu. Na dubi kwanrod a kan buhu. Na sha ganin ana haɗa injin nan, na san inda kowane noti yake zama. Na ce a raina, zobe ne za a sa a rami, mene ne abin kwana?

Na shiga wurin Inna na ce Kawu ya ce in ɗauko bushin in ajiye masa a rumfa. Tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Shi ya ce?" Na ce shi ya ce. Ta ci gaba da tankaɗenta. Ni da furfura a gemu, na yi wa tsohuwa ƙarya a kan zoben tagulla. A hanyar fita na ɗauki gudumar goruba a zaure.

Na ɗora bushin a bakin ramin, na buga. Ya shiga a karkace, na ƙara bugawa ya miƙe. Ban ko tuna da wata huda ba. Fin ya ƙi shiga, shi ma na ba shi nasa rabon. Kafin la'asar na haɗa komai, na juya hannun tayarwa, injin ya yi tari biyu ya kama. Mata suka yi guɗa. Wata ta ce, "Ashe dai akwai mai zafin nama a gidan!" Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Kwano shida na niƙa. A na bakwai murya ta sauya, ya fara wani siririn kuka, wari ya tashi, babban wilin ya yi juyi biyu a hankali ya tsaya cak. Daidai lokacin babur ya sauke Kawu.

Bai tambayi komai ba. Ya tsaya a bakin rumfa ya shaƙi iska sau ɗaya. Ya ga guduma a ƙasa, ya sa ƙafa ya tura ta ƙarƙashin benci. Sannan ya juya wurin matan.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Aikina ne bai yi ba. Ku koma turmi kwana kaɗan."

"Haba Baba Tukuna! Sai yaushe kuma?"

"Tukuna dai."

Suka kwashe ƙorensu suna gunaguni. Na ji wata tana cewa tsohon nan ya kamata ya ajiye sifana haka nan. Ina tsaye. Ban buɗe baki ba.

Washegari muka kwance. Tagulla ta narke ta manne a jikin fin. Kawu ya zari tsinke daga tsintsiya ya zura a hudar kwanrod. Tsinken ya tokare. Ya miƙo mini.

"Zura da kanka."

Na zura, ya tokare.

"To ta ina mai zai shiga? Ta kunnenka?"

Kunya ce ta juye mini ta zama faɗa. Na ce shi ba shi da layin mata a ƙofarsa. Na ce da ya sa jiya da safe da duk haka ba ta faru ba, jinkirinsa ne ya jawo. Sannan na faɗi maganar da har yau take hana ni sakewa. Na ce, "Kai Kawu, ko mala'ikan mutuwa ne ya zo, cewa za ka yi tukuna."

Ya ci gaba da kankare fin da bayan wuƙa. Ya ce, "Shi ba ya jira. Irinka ne."

Can da na huce na tambaye shi don me ya ɗauki laifin. Ya ce, "Ni sunana ya gama aikinsa. Kai kana da sauran shekaru kana karɓar hatsin mutane. Miƙo mini tsumman can."

Wani bushin daga Katsina ba zancen yi ba ne, don direban ya ce wancan ma shi ne na ƙarshe a shagon. Kawu ya shiga ɗakinsa ya fito da wani gwangwanin madara mai tsatsa, ya zazzage. Cikin tarkacen akwai bushin wata tsohuwar tarakta da ya cire tun yana aikin gwamnati. Bayansa ya yi kauri kaɗan, cikinsa ya yi ƙanƙanta. Na ce wannan ai ba nasa ba ne. Ya ce, "Zai zama."

Kwana biyar yana cin bayan zoben nan da magagari da samfefa, yana juya shi a kan sanda, yana gwadawa, yana cewa tukuna. Ya huda masa hudar mai da abin huji na hannu. Ya kai shi ƙarƙashin randa ya kwana. Da sassafe ya ɗora tsohuwar tukunya a kan garwashi, ya zuba baƙin mai, ya tsoma kan kwanrod har man ya fara hayaƙi. Ya ja layi da ƙusa a bakin zoben da bakin ramin don huda ta fuskanci huda. Sannan ya zura doguwar ƙusa mai noti ta tsakiya, washa a kowane gefe, ya riƙa ɗaure notin a hankali. Zoben ya shige kamar ana zuba shi, babu ko ƙara. Da ya huce ya ɗauki tsinken tsintsiya ya zura. Tsinken ya leƙo ta ciki. Ya bar shi a tsaye a wurin har azahar, inda duk na juya sai na gan shi.

Saura ciki, kuma nan ne aikin yake. Ya fere guntun icen ƙirya, ya naɗa masa samfefa mai laushi, ya ɗiga mai. Ya saci bular wankin Inna ya kwaɓa, yana shafa wa fin. In ya zura ya zare, duk inda shuɗi ya taɓa tagulla, nan zai goga. Goga kaɗan, wanke, shafa, zura, zare. Wuni guda fin ya ƙara shiga da faɗin farce. Ƙa'idarsa ita ce fin ya shiga da turin babban yatsa kaɗai, kuma in an karkata kwanrod ya zamo da kansa a hankali, kada ya faɗo, kada ya maƙale. Na ce a ƙara samfefa mai kaushi mana a yi sauri. Ya ce, "Abin da ka goge ba ya dawowa."

A cikin kwanakin nan tari ya kama shi. Daga tari sai zazzaɓi, sai ciwon ƙirji. Inna ta ce asibiti. Na ce asibiti. Ya ce in ya gama. Na ce injin ba zai gudu ba. Ya ce, "Jiya na ga matar maƙwabcinka tana daka da cikin wata takwas." Ya zauna a kan bencin nan da bargo a kafaɗa, yana goga tagulla, mata suna wucewa suna gaishe shi a daƙile. Na yi masa faɗa, na roƙe shi, na haɗa shi da liman. Ranar da ya kasa tashi ya yarda a kai shi Batsari, ranar ce aka wayi gari babu ɗan babur ɗin da zai hau hanya ko nawa za a ba shi. Washegari ma haka.

Liman ya ce mini ajali ne, ba ya gaba ba ya baya. Na yarda, ni musulmi ne. Amma na iya ƙirga kwana. Da ban ɗauki guduma ba, da ranar Asabar ɗin nan ya gama, da tari ya same shi a zaune ba abin da ya riƙe shi.

Ranar Litinin bayan la'asar ya sa aka kira ni. Yana kwance, numfashi yana yi masa wuya. Na ɗauka wasiyya zai yi, na matso na ce ya yafe mini. Ya yi tsaki.

"Ina ya kai?"

"Wa, Kawu?"

"Fin."

Na ce ya wuce rabi, saura kamar gaɓar yatsa biyu.

"Kawo hannunka."

Na miƙa. Ya buɗe tafina, ya ɗora babban yatsansa a tsakiya, ya danna. Ba da ƙarfi ba, ba kuma shafa ba ce. Kamar yadda ake danna mangwaro a ji ko ya nuna.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Iyakarsa ke nan. In ya nemi fiye da haka, bai yi ba. Tafi, kana tare mini iska."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ni da na zo neman gafara, aka sallame ni da awon yatsa. Har yanzu in na tuna sai haushi ya kama ni, sannan hawaye.

Da aka tashi daga zaman makoki na shiga rumfa na ɗaga buhun. Komai yana inda ya bar shi: icen ƙirya, murfin kwalbar da ya kwaɓa bula, fin a naɗe cikin tsumma. Ban kai ga zama ba maiɗakina ta leƙo ta ce Inna, daga ɗakin takaba, ta ce in aika mata da gudumar goruba yanzu. Na laluba ƙarƙashin benci na miƙa mata. Ban tambayi dalili ba.

Kwana tara na yi. Ban san akwai aikin da ke cin rai irin wannan ba. Ka goga har wuyanka ya ƙage, ka shafa shuɗi, ka zura, ka ga bai motsa daga inda yake jiya ba. 'Yan gwangwan sun zo da kurarsu sau biyu, na ce su wuce. Mata sun daina tambayata, wannan ya fi tambayar ciwo. A rana ta shida fin ya kai saura kaɗan ya leƙo ta ɗaya gefen, ya tsaya. Na san in na sa tafin hannu na danna da nauyin jikina zai wuce. Na ɗora hannun ma. Sai na ji wurin nan da Kawu ya danna a tsakiyar tafina. Na zare fin, na ɗauki icen ƙirya, ina zagin tagulla, ina zagin kaina, har shi ma Kawu bai tsira ba, Allah ya yafe mini.

A rana ta tara da hantsi na wanke, na shafa mai, na ɗora babban yatsa na danna kamar yadda aka danna mini. Fin ya tafi, ya tafi, ya leƙo. Na karkata kwanrod. Ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya zamo a hankali ya sauka a tafina. Na zauna a ƙasa na daɗe.

Na aika aka kira tsohon direban nan. Ya zo ya gwada da nasa yatsan, ya zura tsinke a huda, ya ce, "Haɗa." Muka haɗa tare, shi yana zaune yana nuna mini da sanda. Bayan azahar na juya hannun tayarwa. Ya kama. Na ɗora sukudireban Kawu na kafa kunne, ban san ma abin da nake nema ba. Direban ya karɓa ya saurara, ya ce babu mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Kafin in waiwaya layi ya kai bakin hanya. Na rage wuta, na tsaya a gabansu na ce ina da magana. Na ce ranar Juma'ar nan ba Kawu ya haɗa injin ba, ni ne, da guduma, bayan ya hana ni. Na ce wata gudan da suka yi suna daka ni na jawo musu, shi rufa mini asiri ya yi, kuma a kan gyaran ɓarnata ciwo ya same shi. Na ɗauka za a yi salati. Ba a yi ba. Tsohuwar nan mai bororo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kai ne ɗan banzan. Mu muna ta ɗaukar alhakin bawan Allah." Ta share ido da gefen mayafi, ta turo ƙwaryarta. "To karɓi, ni ce ta farko, kada ka ce ba ka gan ni ba."

Garin farko da na niƙa na gidanmu na kai wa Inna. Na durƙusa a bakin ƙofa na fara ba ta labarin daga ranar da na ce Kawu ya aiko ni. Ta katse ni.

"Kai, rufe mini baki. Ka ɗauka kurma ce ni? Shekara arba'in da wani abu ina gidan nan ban taɓa jin guduma a kan tagulla ba sai ranar. Sau bakwai ka buga."

"Inna, mi ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ya hana. Shi da hana mutane magana."

Daga ɗakin ana jin injin, maiɗakina tana tsare da shi. Inna ta ajiye carbi ta karkata kai, irin yadda yake yi. Na ce, "Ya kika ji shi?" Ta daɗe tana saurare.

"Da yana nan cewa zai yi tukuna," in ji ta. Ta juya fuska wajen bango. "Ni dai na ce ya yi."

Wanda duk ya zauna a tabarmar nan ya ce aiki ya gagari Kawu, ga yadda aka yi. Wanda ya ci tuwo a garinmu cikin satin nan, da bushin Kawu aka niƙa garin, ya yi masa addu'a. Allah Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa mini a gaban mata tara. Mu kuma da muka rage Ka ba mu haƙurin da muka ƙi koya yana raye.

Da zan fito na tambayi Inna gudumar, na ce yara za su fasa goruba. Ta ce su nemi dutse.